Neman Fuskar Alhaji a Cikin Tsohuwar Na'ura

Aikina haɗa kamarorin tsaro ne, kuma a Yamai idan mace ta ce wannan ne aikinta sai an sake tambayarta, ko dai aikin mijinta take nufi. A lokacin ba ni da miji. Ina da tsani, da jakar kayan aiki, da wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da nake kira Kaka. Sababbin kamarori kowa ya iya su, da salula ma ana haɗawa. Ni abincina yana wajen tsofaffin, irin waɗanda ake ja wa waya mai kauri tun daga saman bango har zuwa wani akwatin ƙarfe da muke kira sarwar. Shi ne yake karɓar hoton, ya adana, ya miƙa wa ordinatar in an tambaye shi da ladabi. Masu irin wannan akwati ba sa nemana sai ya mutu, kuma duk wanda ya kira sai ya rantse jiya-jiya lafiyarsa ƙalau.

Wata safiya cikin bazara, ina ɗakina a Lamorde, wani mutum ya kira ni.

"Ke ce madam mai kamara?"

"Ni ce."

"To ba ni patron ɗinki, maigidan aikin."

"Da shi kake magana, Baba."

Daga baya ya yi bayani a daddafe. Yayansa ya rasu, matar yayan tana cikin takaba, ba ta fita, ba ta zama da baƙon namiji, kuma ta kafe sai an kawo mata wanda zai buɗe akwatin kamarar shagon mijinta a gabanta. "Mun bincika Yamai kaf, ke ɗaya anka samu mace. To sai haƙuri." Na ce ni ma sai haƙuri.

Na goya Kaka a baya da zane, don ramukan hanya sun taɓa girgiza ta har ta yi sati ba ta magana. Muna tsallake gada a kan kabu-kabu wata mata a bayan wani babur ta ɗaga murya tana yi mini faɗa da Zabarmanci, wai in rufe wa yaron kai, rana za ta kashe shi. Na gode mata, na gyara zanen. Muka gangara ta Gaweye, muka bi gefen kogi har Gamkale.

Shagon yana manne da gidan. Marigayi Alhaji injinan ban-ruwa yake sayarwa, da tiyo, da taki, da irin salati da karoti, duk masu lambun bakin kogi wajensa suke zuwa. Ƙaninsa, wanda ya kira ni, mutum ne mai tumbi da tarin mabuɗai, yana magana yana kaɗa su. Ya buɗe ƙofa, na ɗaga ƙafa zan shiga, sai ya daka mini tsawa.

"Madam, kada ki taka!"

Na duba ƙasa. An ja layi da fenti rawaya a kan siminti. Ɗaya ya kewaye kujerar da ke bayan kanta. Daga nan wani siririn lungu ya miƙe har ƙofar baya, wadda take shiga cikin gida. Ga wani murabba'i a gindin bango inda buta take, ga wani kuma inda aka shimfiɗa darduma.

"Tsarin Yaya ne," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Shi kaɗai ka shiga ciki. Tun da anka ja layin ga, ko allura ba ta ɓace ba cikin butik ɗin ga. Wani mai lambu ya taɓa takawa, kwana ya yi shina gudawa."

Na tambaye shi wane malami ya yi aikin. Ya ce ba wanda ya sani, Yaya ba mutumin da ake tambaya ba ne. Ni mai takardar jami'a ce, na karanta lissafi da lantarki, ban yarda da irin wannan ba ko kaɗan. Na tattare siket ɗina na tsallake layin da kyau.

Shi so yake in kunna komai nan take, don gobe zai buɗe shagon kuma ba zai zauna ba ido a sama ba. Na ce wadda ta aiko a kira ni zan fara gani.

Na sami Hajiya a ɗakinta kan tabarma, da tufafi marasa ado, ba kwalli, ba ɗan kunne. Ƙaramar mace ce, muryarta ce babba. Bayan na yi mata ta'aziyya ta miƙo mini katin ɗan ƙasa na mijinta. Gumi da rana sun cinye hoton, abin da ya rage wani saurayi ne ya murtuke fuska.

"Shi ke nan hotonai a duniya," ta ce. "Kuma wanga ba shi ba ne. Wanga kamar wanda anka kama da akuyar mutane."

Alhaji, in ji ta, bai yarda da hoto ba. A wajen biki in an ɗaga salula sai ya juya wa mutane ƙeya. Ranar sunan jikokinsa bayan ɗaki yake shiga har mai hoto ya gaji ya tafi. Kamarorin shago ma sai da ɓarayi suka yi masa ɗauki ɗai-ɗai da tiyo kafin ya yarda, kuma hujjarsa ita ce in an ɗauki hoton ɓarawo, ai ɓarawon ne ya kawo kansa, alhakin yana wuyansa.

"Ɗiyata, shekaranjiya na tashi da sahe na nemi huskarshi cikin kaina, ta ƙi zuwa. Hula tana zuwa. Gemu shina zuwa. Tsakiyar ce babu. Duk zaman da munka yi, wai tun ban fita takaba ba. Tsoro nike ji." Ta nuna bangon da shagon yake bayansa. "Sai na tuna abin ga ya wuni shina kallonai kullum. In shina ciki, hiddo mini shi."

Ni kuwa na san abin da ita ba ta sani ba. Diskin irin wannan akwati ƙarami ne, kwanaki kaɗan yake riƙewa, in ya cika sai sabon hoto ya hau kan tsoho ya shafe shi. Abin da ya cece mu shi ne tun ranar da Alhaji ya faɗi aka kashe wutar shagon aka rufe. Da na bi maganar ƙanin na kunna da kamarori a haɗe, da akwatin ya fara cin Alhaji tun daga kwanan farko, muna tsaye muna murna ya tashi.

Na koma shagon, na hau tsani, na kwance wayoyin kamarori huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, ƙanin yana ƙasa yana kaɗa mabuɗai yana cewa an kira ni gyara na zo ɓarna. Na rungumo akwatin na kai ɗakin Hajiya. Ƙanin ba zai shiga ba, sai ya sa kujera a bakin ƙofa, ya ɗage labule rabi, ya zama shugaban aiki daga nesa.

Na hure ƙura, na kori wata tsaka da ta mai da cikin akwatin gidan haya, na haɗa shi da Kaka. Dalilin da nake goyon Kaka ke nan: waɗannan tsofaffin akwatuna ba sa magana da sabuwar ordinatar, sai sa'arsu. Na sha fama kafin na gano adireshinsa, don wanda ya fara haɗa shi ya sauya lambar bai rubuta ko'ina ba, Allah ya saka mini. Da shafin ya buɗe sai ga rubutu da wani harshe da ba Faransanci ba, ba Larabci ba, ba Ingilishi ba. Kwance ne, wato na hannu, aka kawo daga wata ƙasa, ba wanda ya damu ya sauya. Wannan bai dame ni ba, na san gidan kowane abu da ka, na uku daga sama, na biyu daga hagu. Abin da ya tsayar da ni kalmar sirri ce.

Na ce bari in fara gwada wadda ake fitowa da ita daga masana'anta, don yawancin mutane ba sa sauyawa.

"A'a!" in ji ƙanin daga bakin ƙofa. "Wanga cin mutunci ne. Yaya mutum ne mai zurhin ciki. Mutumin da ko matarshi ba ta san inda yake aje mabuɗin akwati ba, shi za ya bar kod ɗin anasara?"

Ya ba ni lambar motar marigayi. Ba ita ba ce. Ya ba ni sunan garinsu, sannan sunan kakarsu, sannan sunan wani rago da Alhaji ya so har ya kasa yankawa da layya. Akwatin kuwa in an yi masa kuskure a jere sai ya yi fushi ya kulle, sai an jira ya huce. Muna jira sai aka ɗauke wuta, Kaka kuma batirinta ya daɗe da rasuwa, ta mutu nan take. Fanka ta tsaya. Zafi ya sauko mana. Hajiya ta sa aka kawo mini dambu da zogale, na ci ina gumi ina tsine wa ragon a zuciyata.

Wutar ta dawo daidai lokacin da ƙanin ya tafi masallaci sallar azahar. Ban ɓata lokaci ba, na buga kalmar masana'anta. Ta buɗe.

Da ya dawo na gaya masa, kuma ban rage murya ba. Ya tsaya ya yi tunani, sannan fuskarsa ta washe.

"Kin ga wayon Yaya ko? Wa za ya yi zato?"

Agogon akwatin ma ya tsaya tun shekarar da aka ƙera shi, saboda haka duk hotunan rana ɗaya suke ɗauke da ita, dole sai mun buɗe su ɗaya-ɗaya. Kamara ta farko zanzaro ya yi gini a kan idonta, kwanaki cur ba abin da ta ɗauka sai cikinsa yana shiga yana fita. Ta biyu titi take kallo: amalanken salati, raƙumi da lodin tabarmi, wata akuya da ta zo ta daɗe tana nazarin ƙofa. Ta uku ɗakin ajiya ce, inda muka ga wani mutum mai tumbi ya miƙe kan buhunan taki yana barci baki buɗe, mabuɗai a kan cikinsa.

"Wuce, wuce," in ji ƙanin. "Ba wannan munka zo gani ba."

Hajiya ta matso kusa da ni har ina jin numfashinta. Na buɗe ta huɗu.

Ga shagon nan tsaf daga saman kusurwa. Ga kanta, ga injina a jere, ga tiyo a naɗe. A inda kujerar Alhaji take kuwa, wani baƙin murabba'i ne, baƙi ƙirin, gefensa a miƙe kamar an yanka da reza. Daga jikinsa wani siririn baƙi ya tafi har ƙofar baya. Ga wani a gindin bango, ga wani a wajen darduma, duk a manne da juna.

Na san abin tun kafin in gama kallo. A cikin saitin waɗannan akwatuna akwai wurin da ake rufe wani yanki na hoto, an yi shi ne don kada kamararka ta leƙa tagar maƙwabci. Wannan akwatin guda huɗu yake bari a rufe, Alhaji kuwa ya cinye huɗun a kan kansa. Fentin da ke ƙasa ba komai ba ne illa iyakar inda kamara ba ta gani, wanda ya haɗa masa ya zana don ya san inda zai tsaya.

Na yi musu bayani. Ƙanin ya daina kaɗa mabuɗai.

"Kina nuhin duk shekarun ga tsalle nike yi a banza? Da gwiwar ga tawa?"

"Ni ma na yi ɗazu, Baba."

"To mai lambun da ya yi gudawa fa?"

"Sai a tambaye shi abin da ya ci."

Muka zauna muna kallon baƙin murabba'i yana ciniki. Mai lambu ya shigo ya rusuna ya gaishe shi. Wani ya yi ta jayayya da shi yana nuna tiyo, har ya ƙyalƙyale da dariya ya dafa kanta. Hannu ya fito daga cikin baƙin, ya miƙa ƙullin iri, ya koma. Aka miƙa kofin shayi a cike, ya ɓace, can ya fito babu komai. Lokacin salla sai ka ga takalma biyu sun bayyana a bakin murabba'in darduma, su zauna su kaɗai, sannan su ɓace. Ko gefen babbar rigarsa ba ya fita, ashe tattare ta yake yi. Lungun kuma siriri ne, ba ya ɗaukar mutum sai a karkace.

"La ilaha illallahu," in ji Hajiya. "Shi ya sa ya koma tahiya kaikaice har cikin gida. Har wajen likita munka kai shi, anka ce ƙugu ne."

Ƙanin ya zaro hankici ya miƙo ta gefen labule, yana nuna allon Kaka. "Madam, goge ekaran ɗin." Na ce ba datti ba ne. Ya ce in gwada dai. Na goge, don a zauna lafiya. Sai ya ce in juyo Kaka ta gefe, ya leƙa ta kusurwa ko zai hango bayan baƙin.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni a hankali, "Ana ɗagawa?"

Da ina da hanyar yin ƙarya da na yi. Na ce, "Inna, ba rufe shi aka yi ba bayan an ɗauka. Ba a ɗauka ba ne sam. Babu komai a ƙarƙashi."

Ta gyaɗa kai, ta koma ta jingina da bango, ta ɗauki carbinta. Ni kuwa haushin mamaci ya kama ni, abin da ban taɓa ji ba. Mutum ya tsare kansa daga hoto ya ga ya yi daidai, bai tuna da wadda zai bari da hula da gemu ba. Na ji kamar in tashi in je in tattaka layin nan da ƙafa biyu.

Ƙanin ya ce to tunda babu, a mai da akwatin shago a haɗa, aiki yana jira. Na ce ba zan haɗa ba sai na ga ƙarshen abin da ke ciki. Ya ce wa yake ba da umarni a nan. Hajiya, ba ta ko buɗe ido ba, ta ce, "Ni." Ya koma ya zauna.

Na ci gaba da turawa da sauri, mutane suna shiga suna fita kamar tururuwa. Can wajen tsakar rana sai wata ƙaramar mace ta ɓullo daga cikin baƙin da ke ƙofar baya, da kwanon abinci a hannu. Ta yi wani ɗan tsalle ta haye layin, ta zagayo gaban kanta. Na rage gudu.

"Inna, ga ki."

Ta buɗe ido. A cikin hoton ta dire kwanon, ta ɗora hannu a ƙugu, ta fara nuna baƙin murabba'in da yatsa. Babu murya, waɗannan kamarori ba sa ɗaukar sauti, amma ba a bukata.

"Hwaɗa nike mishi kan sukari," ta ce. "Likita ya hana shi, shi ko cokali ukku-ukku. Na ce in ya kashe kanshi kada ya ce ban hwaɗa ba. Haka na ce mishi. Ko ɗaga kai bai yi ba. Na fita ina hushi, shi ma na bar shi shina hushi."

A hoton ta juya, ta ba shi baya, ta nufi ƙofa tana gyara mayafi da ƙarfi. Har na kai hannu zan tura gaba.

Sai hula ta leƙo daga gefen baƙin. Bayan hula goshi, sannan ido, da kunci, da rabin gemu. Alhaji ya karkato daga kujerarsa, ya fito da kai waje da layi, yana bin bayan matarsa da kallo, bakinsa a washe har kunne. Tana isa ƙofa ya koma ciki da sauri.

Na nemo tsakar ranar wani kwanan. Ta shigo, ta dire kwano, wannan karon ba faɗa, ta juya. Hula ta leƙo. Na nemo wani. Hula ta leƙo. Duk wunin Allah mutumin nan ba ya kuskuren ko yatsa, amma da Hajiya ta ba da baya sai ya fito.

Ƙanin ya yi gyaran murya, ya ce yana jin kamar an kira la'asar, ko da yake rana tana tsaka da dukan bango. Ya saki labulen, na ji ƙarar mabuɗansa tana nisa.

"Munahiki," in ji Hajiya. Tana dariya, hawaye yana sauka har haɓarta. "Munahikin Allah. Mutumin da ko sannu da aiki sai na roƙa. Maido shi baya, ɗiyata. Tsai da shi nan."

Na tsayar da shi daidai inda ya fi fitowa. Kafin komai na zaro salulata na ɗauki allon sau da yawa, don ban yarda da wutar garin nan ba, ban yarda da Kaka ba. Hoton dishi-dishi ne, tsohuwar kamara ce, in ka matsa sosai sai fuskar ta watse ta zama ɗigo-ɗigo. Na ce mata ta ɗan ja baya, daga nesa ya fi fita. Ta ja baya. Ta daɗe tana kallo.

"Hancin ne," ta ce. "Ashe hancin ne na manta."

Ta share fuska da gefen zane. Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta jawo mayafi ta daidaita shi a kafaɗa, ta gyara zama. Ba ta dube ni ba da ta yi magana.

"Ɗiyata, ɗan ba mu wuri."

Na tashi na ɗauki takalmana, na fita, na ja musu labule.